Kwana Bakwai na Jar Akuya

Ranar wata Laraba, a bazara ta biyu bayan annobar da ta share shanun ƙasar Matameye, Baba ya zauna a gindin rumbu yana wasa wuƙa. Shekarata tara. Rumbun babu komai sai ƙaiƙayi, ƙanena Ilu ya daina kuka don yunwa ta cinye masa murya, dabbar da ta rage mana a turke kuwa jar akuya ce guda, wadda ni nake kiwo.

Gonarmu tana kan hanyar Dungu. Jigawa ce, gero ba ya yin kirki a cikinta sai a ƙarƙashin gawo, inda ganye ke zuba da farkon damina ya ba ƙasa ƙarfi. Tsofaffin gawo biyu gare mu, ɗaya ya faɗi. Damina biyu Baba yana ɓare 'ya'yan gawo yana binne ƙwayar rami-rami kamar wake, ko ɗaya ba ta tsiro ba. Bai taɓa tambayar wa ke shuka gawo ba. Ashe shanu ne: su ci 'ya'yan da rani, ƙwayar ta yi laushi a cikinsu, su zubar da ita cikin kashi ko'ina a gona. Da suka mutu, shukar ta tsaya.

Kakata Iya ce ta shiga tsakanin Baba da turken. "Kai Mamman, ƙwayar da ba ta bi ta cikin dabba ba tsakuwa ce. Ba ni kwana bakwai." Baba ya nuna Ilu. "Iya, shi yana da kwana bakwai?" Ta kwance igiyar akuyar ta miƙo mini.

Kullum da sassafe sai in ɗauki gora in kaɗo 'ya'yan gawon da ya rage, in zube wa akuyar, in tumɓuke turken in sake kafa shi gaba, don kashinta ya bazu. A gida 'ya'yan itacen anza muke jiƙawa mu ci, ɗacinta bai gama fita ba. Da na dawo, ƙirjin Ilu nake fara dubawa. Rana ta biyar na roƙi Iya a yanka akuyar, ta ce in wanke ƙafata in kwanta.

An yanka ta da Laraba ta zagayo. Ilu ya kurɓi romo sau biyu, ranar Juma'a aka binne shi. Da ruwa ya sauka, ƙananan gawo suka fito daidai inda na kakkafa turken. Baba ya kewaye su da ƙaya. Iya ba ta sake taka gonar ba har ta rasu.

Yanzu gonar ba ta barin rumbu fayau, jikokina suna korar awaki daga inuwar gawon da jifa, ni kuwa ina hana su. Na tsufa ina cin geron nan, har yau ban san ko Ilu zai rayu ba da an yanka ta a Larabar farko.