Taguwar Buzu

Shekarar babban fari, Buzaye suka gangaro mana daga arewa, wasu da 'yan jakuna, wasu hannu biyu. Lokacin ina sabon aure a ƙauyenmu kusa da Dayi, muna noma gandu ɗaya ni da yayana, tun bayan rasuwar babanmu. Wani dogon Buzu ya sauka a gindin gawon gonarmu da taguwa guda, ramammiya, duk haƙarƙari a waje. Na kai masa fura da harawa. Daga nan muka saba.

Mu manoma ne, raƙumi a wurinmu abin ɗaukar auduga ne zuwa fuloti. In ana yabon dabba kuwa, ubanta ake tambaya. Shi Buzu dariya wannan yake ba shi. Ya ce amale, wato namijin raƙumi, yau yana wannan garke, gobe yana wancan, wa zai bi sawunsa? Asalin raƙumi ta wajen uwa yake. Yakan zauna yana haɗa shayi yana lissafo mini uwayen taguwar nan har bakwai: wadda ta yi kwana goma ba ruwa ta kai kakansa rijiya, wadda ta gudu ta bi raƙuman daji shekara biyu ta dawo da 'ya. Duk zuriyar fari ya cinye, saura ita kaɗai, kuma da ciki.

Da zai tafi neman gadi Kaduna, ya damƙa mini akalarta a gaban yayana. Ya ce, “In ta haifi namiji, naku ne. In mace ce, tawa ce, ku riƙe mini har ƙasarmu ta yi kyau.” Yaya ne ma ya fara cewa Allah ya ba mu ikon riƙe amana.

Mace ta haifa, fara, mai dogon wuya da taurin kai. Damina ta uku ciwon sammore ya kashe uwar, don ƙasarmu ba ta raƙuma ba ce. Na yanke fatar wuyanta inda lalas, wato tambarin wuta na gidan Buzun, yake, na shanya na ajiye, kamar yadda ya koya mini: in dabbar amana ta mutu, shaidarta ake nuna wa mai ita. Da ya zo ya duba fatar, ya ce ƙaddara ce. Ya yi wa 'yar taguwar lalas da hannunsa ya koma.

Na sha wahalar 'yar nan. Ta ci mini dawar maƙwabta, ta ciji surukina, matata ta ce na fi kula da ita a kan mutanen gida, kuma ba ƙarya ta yi ba. Da ta shekara biyar na ja ta har Kafur, inda masu ayarin kanwa suka sauka, amalensu ya hau ta.

Ranin da ya biyo baya na samu aikin wata uku a injin gurzar auduga a Funtua. Na dawo na tarar da turke wayam, ga kuma shanun huɗa biyu a garka. Yaya ya tare ni da fuskar jimami. Ya ce kumburin ciki ya kama ta, kafin a kawo wuƙa ta mutu. Ya miƙo mini busasshiyar fata. Shanun kuma, wai wani Alhaji ne ya ba shi riƙo. Na yi kuka ranar, shi ya riƙa ba ni haƙuri. Damina biyu ina bin bayan shanun nan da garma, ina yabon ƙarfinsu.

Sai Buzu ya dawo, ya tsufa, ya bar gadi, zai koma gida. Bayan an gaisa na kawo fatar da hannu biyu na ajiye a gabansa. Ya juya ta, ya shafa da babban yatsa.

“Wa ya yanke wannan?”

“Yayana.”

“Abokina, wannan ba lalas ɗina ba ne. Bayan an feɗe aka ƙona shi. Dubi, gashi bai tsiro a gefensa ba.”

Na shiga gida na sami Yaya yana gyara ƙotar fartanya. Na ce, “Yaya, ina taguwar mutane?” Bai ko ɗago ba. Ya ce, “To ka ji. Dabba tana cin harawa shekara shida ba ta huɗa ba ta kaya? Hatsin da shanun nan suka noma, kai da iyalinka ba ku ci ba?”

Na ci. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Da sata ya yi a ɓoye shi kaɗai, da sauƙi. Amma ya sa ni kuka a gabansa, ya ciyar da ni, sannan ya sa na kai ƙaryar da hannuna. Uwarmu ɗaya da mutumin nan, shi ya goye ni.

Buzu bai zagi kowa ba. Ya ce in tana raye zai gane ta ko cikin raƙuma dubu. Ranar kasuwa muka hau mota zuwa Malumfashi, inda Yaya ya sayar da ita, muka bi dillalan kara ɗaya bayan ɗaya, har aka nuna mana wani tsohon mahauci a rumfarsa. Ya tuna da ita sarai, don ba kullum ake yanka farar taguwa ba.

“Ai na yi nadama, Malam,” in ji shi. “Ba a gaya mini tana da ciki ba. Sai da muka farka muka gani, har ya yi gashi.”

Buzu ya gyara rawaninsa ya tambaya a hankali, “Namiji ko mace?”

Mahaucin ya ce, “Mace.”