Dokar Darar Da Baffa Bai Faɗa Mini Ba

Shekarun baya, tun ina sabon hannu a aikin rubuta manhajar kwamfuta, na taɓa ɗauko wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni. Jiya ina neman wata takarda a tsohuwar jakata na ci karo da rubutun da na yi a lokacin, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin.

Ina da baffa, wan mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya koya mini ajami tun kafin in san akwai wani abu wai shi boko, kuma a gabansa na sauke Alƙur'ani. Mutum ne mai natsuwa, ba ya son hayaniya. Amma akwai abu ɗaya da duk unguwarmu a Daura ta san shi da shi, wato dara. Da zarar an idar da azahar, sai ya ɗauki buzunsa ya nufi gindin darbejiyar da ke gefen masallaci, inda dattawa suka haƙa gurabe talatin a ƙasa. Shi da tsinken kara yake wasa, abokin karawarsa da tsakuwa. Abokin karawar nan taubashinsa ne, wani tsohon dillalin shanu ɗan asalin Mashi, mai baki kamar aska. Sun fi shekara talatin suna cin 'ya'yan juna suna tsokanar juna, ban taɓa jin ɗayansu ya yarda an fi shi ba.

Sai Allah ya jarrabci Baffa da ciwon shanyewar ɓarin jiki. An yi magani, ya samu sauƙi, magana ta dawo, yana iya takawa da sanda. Hannun dama ne kawai bai dawo ba, na hagun kuma yana rawa. Likita ya ce ya riƙa fita yana shiga mutane. Baffa ya ƙi. Salla ma a zaure yake yi shi kaɗai. Taubashin nasa ya zo dubiya sau biyu, aka ce masa yana barci, alhali idonsa biyu. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ja ni gefe ta ce mini ciwon jiki ya tafi, wanda ya rage na zuciya ne. Ba ya son a ga hannun da ya riƙe alƙalami shekara hamsin ya mutu, ɗayan kuma yana karkarwa. Abinci ma sai ta yi da gaske yake taɓawa.

A nan ne dabara ta faɗo mini, irin ta mai sabon ilimi, wanda duk abin da ya gani sai ya ga aikinsa ne zai warware shi. Na ce tunda Baffa ya ƙi zuwa wurin dara, ni zan kawo masa dara har ɗaki. Zan rubuta ta a kwamfutata ta hannu, in koya wa na'urar yadda za ta kara da shi.

Na san in na ce don in ɗebe masa kewa ne, ba zai saurare ni ba. Sai na ce masa ilimin dara nake so in adana kada ya ɓata, kuma ban san wanda ya fi shi saninta ba. Wannan ta shige shi. Ya gyara zama ya fara karanto mini dokoki, ni kuma ina rubutawa da ajami don ya iya dubawa da kansa. Kowa 'ya'ya goma sha biyu. Ba a jera uku a lokacin zubi. In an fara tafiya, gurbi ɗaya ake matsawa, ba a tsallake, ba a karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda, amma huɗu a jere ba ci ba ne. Haka har doka tara. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce dokokin sun cika, sai dai boko ya ɓata mini hannu. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a watan.

Wahalar da na sha ba sai na faɗa duka ba. A takarda na ƙirga gurabe daga dama, yadda hannuna ya saba, ita kuwa kwamfuta daga hagu take farawa, sai ya zama in na tura ɗa gabas ya nufi yamma. Kwana uku ina zargin na'ura kafin in gane ni ne mai laifin. Da na gyara wannan, sai gurbi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, domin ita daga sifili take fara ƙirga, ni daga ɗaya. Duk wanda ya yi irin aikinmu ya san wannan abin kunyar. Bayan wata guda da 'yan kwanaki dai dara ta tsaya da ƙafarta, har tana cin ni kaina, wanda ba wani abin alfahari ba ne.

Ranar da na kai masa, na ajiye ta a kan kujerar tsugunno a gabansa. Shi yana nuna gurbi da yatsa, ni ina dannawa. Wasan farko ya cinye ta tas, na ga gefen bakinsa ya motsa. A na biyu ta matsa masa, ta ci masa 'ya'ya da dama. Sai na ga ya tattara sauran ya toshe wasu gurabe, ya bar tsinke ɗaya yana kai shi gaba yana dawo da shi. Shi ba zai ci ba, ita ma ba ta da hanyar jera uku. Ya yi haka sau biyu, a na uku kwamfuta ta tsaya cak. Fankar cikinta ta hau kuka, ƙasanta ya yi zafi, na danna ko'ina ba motsi. Baffa ya jira, ya jira, sannan ya tambaye ni ko fushi ta yi.

Na kashe na kunna, na ce ƙaramar matsala ce. Washegari aka maimaita. Rana ta uku ma haka, a daidai wannan wurin. Ya daɗe yana kallon fuskar na'urar da ta sandare, sannan ya ce a hankali, "Ɗauke abarka, ɗana. Ni da ita duk ɗaya ne. Ana cikin tafiya sai ɓari guda ya tsaya."

Ya juya ya fuskanci bango. Na ɗauki kwamfutata na fito. Na je in kunna masa fitila, na ƙare da nuna masa madubi.

Na kira wani abokina da muka yi karatu tare, wanda ya fi ni ƙwarewa, na tura masa abin da na rubuta. Bai daɗe ba ya kira ni yana dariya. Ya ce ai ni na ba ta umarni da kaina: in ba ta ga tafiyar da ta fi ba, ta ci gaba da hangen gaba har sai ta ga wanda zai ci. To a irin toshewar da Baffa ke yi, ba wanda zai ci har abada. Ya ce kamar ka aiki mutum ne a hanyar da ke zagaye, ka ce kada ya dawo sai ya ga ƙarshenta. Gyaran kuwa layi biyu ne: in aka maimaita tafiya sau kaza, a ce an yi canjaras.

Da na bi maganarsa da labarin ya ƙare a nan. Amma tarbiyyar allo ta hana ni. Mu an koya mana ba ka ƙara wa rubutun malami ko ɗigo sai ka tambaye shi. Na koma na tambayi Baffa mece ce dokar canjaras a dara. Bai ko juyo ba ya ce dara ba ta da canjaras, shi tunda yake bai taɓa ganin darar da ba ta ƙare ba. Na tsaya a tsakiya. Abokina ya nuna mini da hujja cewa wasan na iya tafiya ba iyaka, Baffa kuma ba ya ƙarya.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Bayan azahar na tafi gindin darbejiya na zauna. Kunya ce ma in faɗa: na yi wata guda ina rubuta dara, ban je na kalli ko wasa ɗaya ba. Taubashin Baffa na karawa da wani tela. Wasa ya yi nisa, telan ya ga ruwa ya ƙare masa, sai ya toshe gurabe ya hau kai ɗa yana dawowa, sak yadda Baffa ke yi. Dillali na yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa, sai ɗaga kai yake yana duban inuwar katangar masallaci. Ina zaune ina jiran in ga yadda za a warware, sai ladan ya ɗaga murya ya kira la'asar. Nan take kowa ya kama neman takalminsa. Telan ya sa tafin hannu ya share guraben, aka kwashe tsakuwa da tsinke, aka nufi wurin alwala. Ba wanda ya ce an ci, ba wanda ya ce ba a ci ba.

Ashe wannan ce dokar. Dara tana da ɓaraka tun asali, amma waɗanda suka gada ba su taɓa ganin ɓarakar ba, domin ba su taɓa yin dara a garin da ba a kiran salla ba.

Bayan an idar na ba dillalin labarin kwamfutar da ke sandarewa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ɗan nan, ai baffanka ne ya ƙago wannan sana'ar. Shekara talatin ladan ke ƙwatarsa a hannuna. Yanzu ya samu wadda ba ta jin kiran salla, dole ta suma. Ka ce masa na san dalilin ɓuyansa, tsoro ne."

Na yi ta jujjuya ko in isar da saƙon ko in bari. Daga ƙarshe na isar, kalma da kalma, ina duban ƙasa. Baffa ya juyo daga bango. Ya tambaye ni ko da bakinsa ya faɗi haka, kuma a gaban mutane. Na ce a gaban kowa, har da tela. Sai ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce a wanke masa farar rigarsa.

Washegari tafiya zuwa gindin darbejiya, wadda ba ta fi taku ɗari biyu ba, ta ɗauke mu lokaci mai tsawo. Yana dogara sanda, ina gefensa, ya hana ni riƙe shi. Da muka iso dattawa suka tashi ana ta sannu da jiki, ana addu'a. Taubashin nasa kaɗai bai tashi ba. Ya ce wa ya tono wannan tsohon, shi da ya ɗauka an daɗe da rabon gadonsa. Baffa ya ce gado ai sai an biya wa mamaci buƙatarsa, shi kuma buƙatarsa tana gabansa a zaune.

Aka fara zubi. Baffa ya ɗauki tsinke da hannun hagu, hannun na rawa, tsinken ya suɓuce ya faɗi a wajen gurbi. Wannan ne abin da ya yi watanni yana gudu. Na yunƙura zan ɗauko masa, dillali ya daka mini harara.

"Bar shi ya ɗauki abinsa," in ji shi. "Lokacin da yake da hannu biyu ma me ya tsinana?"

Aka fashe da dariya, Baffa ma ya yi. Ya lallaɓa ya ɗauki tsinkensa ya dasa.

Ban san ko zaman ɗaki ne ya wasa masa kai ba, ko kuwa haushi, amma ranar Baffa bai yi wasa da wasa ba. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci huɗu. Can sai muka ga dillali ya tattara tsakuwarsa ya toshe gurabe, ya hau kai ɗaya yana dawowa da ita, yana satar kallon inuwar katanga. Baffa ya bar shi yana yi har ladan ya kira la'asar. Sannan ya dube ni.

"Rubuta, ɗana. Doka ta goma. Ka sa sunan wanda ta ceta yau."

Ya sa tafinsa na hagu ya share guraben da kansa. Da ya zo tashi, taubashin ne ya kama masa gwiwar hannu, yana mita wai nauyi kamar bijimi. Haka suka shiga masallaci tare. Ranar ce Baffa ya fara komawa sahu tun da ya kwanta, kuma bai sake barinsa ba har shekara huɗu da Allah ya ƙara masa.

Na daɗe a wannan sana'a yanzu, kuma na lura yawancin matsalolin da ke hana ni sakat ba daga na'ura suke ba. Mutum zai zaunar da kai ya faɗa maka duk yadda aikinsa ke tafiya, da gaskiyarsa, amma ya bar abu ɗaya, don a cikinsa yake rayuwa, bai san doka ba ce. Shi ya sa har gobe ba na fara rubuta wa kowa komai sai na je na zauna a gindin darbejiyarsa.

Darar kuwa na gyara ta daga baya, amma ban sa canjaras ba. Lokutan salla na Daura na sa mata. Na kuma hana ta dogon hange, in an toshe sai ta bi ka a yi ta kai da komowa. Baffa bai sake taɓa ta ba, ya ce abokin wasan da ba ya jin haushi ba abokin wasa ba ne. Ni dai nakan buɗe ta jefi-jefi bayan azahar. In ta matsa mini, sai in toshe gurabe in hau kai ɗa ina dawowa, kamar yadda na gada. In lokaci ya yi, sai guraben su share kansu, layi ɗaya ya fito da ajami, da mummunan hannun nan nawa da boko ya ɓata: ladan ya raba. Sai in rufe, in yi wa Baffa addu'a, in nemi takalmina.