Ranar da Na Kife wa Alhaji Hannu

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan manta da zanen da na yi wa wani Alhaji a unguwar Damba ta Gusau ba. Ni mai fenti ne daga Bungudu, aikina rubuta allon shaguna. Shi kuwa babban ma'aikacin gwamnati ne, ya dawo daga Makka yana son hotonsa a Arfa a bangon zaurensa. Na yi murna, don in aikin ya yi kyau, alhazan Gusau duk ni za su nema.

Kwana uku na yi ina zuba fasaha. Na zana shi cikin harami, a tsakiyar jama'a, ya ɗaga tafukansa sama. Da ya gani, sai ya ɓata rai.

"Wanga mi ne ne? Ka tuɓe ni, ka cusa ni cikin talakawa! Wa zai gane ni?"

Na sa masa babbar riga da hula, na ƙanƙantar da jama'ar. Ya sake dubawa.

"Hannun fa? Kamar mai bara! Ni ban taɓa roƙon kowa ba, ni ake roƙo. Juya shi."

Wallahi na san ɓarna ce, amma kwaɗayi ya rufe mini baki. Na kife hannun kamar mai rabon sadaka, har na rattaba sunana a ƙasa, manya-manya.

Ranar walima zaure ya cika, ana ta "Masha Allah". Sai ga wani tsohon makiyayi daga Tsafe, wanda jirgi ɗaya suka hau da Alhaji. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Allah sarki! Duk wanda ya je wurin nan, roƙo ya kai shi. Wanga bawan Allah shi kaɗai ya je ya dawo bai roƙi komi ba."

Sai wani ya tuntsire da dariya. Nan take Alhaji ya nuna ni: "Ga jahilin da ya yi shi! Ni ma sai yanzu na lura."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Cikin alhazan Gusau, ko ɗaya bai neme ni ba bayan nan. Tun ranar na gane, in ka biye wa girman kan wani ka ɓata abin da ka san gaskiya ne, ranar kunya kai kaɗai za a bari a tsaye.