Ɓeran da Ya Je Gaban Gunki

Shekara ashirin da shida Tameket na auren Minkawu, mai zanen bangon kabarin sarki, kuma ba ta taɓa ɗaga tsingaro a gidanta ta same shi fili babu zanen mijinta ba. Nan jaki na kaɗa molo, can kyanwa na kiwon agwagi da sanda. Har murfin tulun giyarta akwai dorina a kan bishiya tana tsinkar ɓaure.

"Maigida, da me zan kwashi garwashi?"

"Ɗauki jakin, ai bai iya kiɗan ba."

A kabari aikinsa ba makusa, sai dai yakan ɓace da rana tsaka a tsince shi bayan dutse yana zane-zanensa yana dariya shi kaɗai. Da abin ya ishi Dediya, shugaban ma'aikata, wani ƙato mai tsagaggen kunne, sai ya ce a cire shi. Wanda aka cire kuwa, gidan ma karɓewa ake yi. Tameket ta dubi ɗakin da ta haifi 'ya'ya biyar a ciki, ta ce sai dai a kai maganar gaban gunkin tsohon sarki ranar da ake fito da shi.

Magatakarda ya rubuta guntayen dutse biyu, ɗaya "ya zauna", ɗaya "ya tafi". Za a ajiye su a ƙasa, wanda gunki ya sunkuya wa shi ne hukunci. Aka damƙa wa Minkawu ya riƙe kafin a fito.

"Riƙewa aka ce ka yi," in ji Tameket. "Riƙewa kawai, ka ji ni?"

Aka yi jinkiri. Alƙalaminsa kuwa na maƙale a kunne.

Da ma'aikata takwas suka iso da gunkin a kafaɗa, Minkawu ya ajiye duwatsun, ɗaya a kife. Tameket ta leƙa bayan dutsen da ke kife. Ga wani ƙaton ɓera ya zana a kan kujera, tumbi har gwiwa, ramammun kyanwoyi na yi masa fifita. Kunnensa na hagu a tsage.

"Wayyo, na auri annoba," ta faɗa a hankali.

Masu ɗauka na gaba suka gani. Ɗaya ya cije leɓe, ɗayan kafaɗarsa ta soma rawa, gwiwarsa ta lanƙwashe. Gunki ya yi gaba luu, ya sunkuya daidai kan ɓeran. Magatakarda ya juya dutsen ya karanta: "Ya zauna."

Wa zai ce dariya ce ta tanƙwara gunki? Dediya ya daɗe yana kallon ɓeran, hannunsa a kunne.

"To, ka zauna. Daga gobe rufin kabari naka ne. Taurari kawai, dubu nawa ne oho. Mu ga inda za ka sa wa tauraro kunne."

Wata bakwai Minkawu na kwance rigingine a kan katako, launi na ɗiga masa a ido. Kullum ya dawo wuya a sanƙare, Tameket na gasa masa tana mita.

"Gida dai yana nan," in ji shi.

"Yana nan. Kai ne na rasa inda zan kai."

Ta miƙa hannu ta ɗauki tsingaro za ta ƙaro wuta, sai ga agwagwa a jikinsa ta riƙe ƙugu tana yi wa jaki faɗa, da irin ɗankunnen Tameket.