Ranar da Manhajarmu Ta Kama Kuskuren Farfesa

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Gashua ina karanta ilimin kwamfuta, aka raba mana batutuwan furojet, wato aikin binciken kammala karatu. Ni da abokina muka makara zuwa ofishin malamar da za ta duba aikinmu, don mun tsaya cin shinkafa da kifi a bakin hanya. Ko da muka isa, an kwashe duk batutuwa masu sauƙi. Saura guda ɗaya, wanda kowa ya ji sai ya ce bari ya je ya yi shawara.

Malama ta dube mu ta ce, "Ku da kuka ƙoshi, ku ne za ku iya ɗaukarsa."

Bari in yi muku bayanin aikin yadda na riƙa yi wa 'yan gidanmu. In mutum ya rubuta manhaja, akwai wata babbar manhaja da ke juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa, ita ce kwamfaila. A cikin rubutun kuma akwai wani abu da ake kira foyinta. Shi ba ya riƙe kaya, adireshin inda aka ajiye kayan a ma'ajiyar kwamfuta kawai yake riƙewa. Aikinmu shi ne mu shiga cikin kwamfailar mu ƙara mata wani sashe da zai zana taswira: kowane foyinta da'ira, kowane wurin ajiya da'ira, sai kibiya daga wannan zuwa wancan. Da taswirar za a gane in an saki wani wuri, an ce an gama da shi, amma wani foyinta yana nan yana komawa can. Irin wannan kuskuren shi ke sa manhaja ta mutu ana tsakiyar aiki.

Abokina Babade ne a ƙabila, ɗan garin Dagona, mutum mai sanyin hali kamar ba ya jin zafin Gashua. Ni kuwa ɗan Nguru ne, jikan 'yan kasuwa, komai ina so in ga ƙarshensa yau. Laftof ɗaya gare mu mai ɗan ƙarfi, nasa, shi ma in ya fara lissafin taswirar sai ya ɗau zafi ya kashe kansa. Dabarar da muka samo ita ce mu ɗora faranti a bakin randa, mu ɗora laftof ɗin a kai. Mai gidan da muke haya ya leƙo wata rana ya gani, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Samari, in ta gama shan ruwan ku sanar da ni."

Taswirarmu ta farko abin dariya ce. Duk kibiyoyin sun taru a kan da'ira ɗaya, har ba a ganin ta, sai wani baƙin dunƙule a tsakiyar allo. Na je hutu Nguru da ita, mahaifiyata ta leƙa ta ce, "Wannan gashin tsefe ne ko karatun?" Na ce karatun ne. Ta ce to Allah ya warware. Bayan na dawo ne muka gano dalili. Manhajar da muke gwaji da ita, duk lokacin da za ta nemi wurin ajiya ta hanya ɗaya take bi, mu kuma sai muka ɗauki duk wuraren a matsayin wuri guda. Da muka koya wa sashenmu ya riƙa duba daga wane layi aka yi kowace buƙata, dunƙulen ya watse, kowace kibiya ta kama gabanta. Ranar har tsire muka saya.

Amma akwai wani hali na irin wannan aikin da Malama ta sha nanata mana. Taswirar ba ta cewa abu zai faru, cewa take zai iya faruwa. Saboda haka wani lokaci takan yi ƙararrawar banza, ta nuna kuskure inda babu. Tamu ma ta sha yi. Wannan ya zauna mini a rai sosai, har na zama ina jin kunyar manhajar kamar ɗan da bai da tarbiyya.

Ranar kare furojet aka kawo wani farfesa daga wata jami'a. Dattijo ne mai ƙaramin jiki da farin gemu, ba ya ɗaga murya, amma waɗanda suka shiga kafin mu duk da gumi suka fito. Mun san in ya ƙi aikin, sai mun ƙara zangon karatu, ni kuwa mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk unguwa bana zan gama.

Muka yi bayani, muka nuna misalan da muka shirya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro filashi, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, daga aljihun rigarsa.

"Misalanku kun san su, sun san ku," in ji shi. "Ga wata 'yar manhaja da nake ba ɗalibaina. Na ɓoye kuskure ɗaya a ciki. Ku nemo shi."

Abokina ya saka filashin, ya kunna. Babu randa a zauren, sai nake ta addu'a a zuci kada laftof ɗin ya ba mu kunya. Taswira ta fito a bango, ga jan rubutu a ƙasa. Kuskure biyu.

Farfesa ya gyara tabarau. "Na farkon daidai ne, shi na ɓoye. Na biyun fa? Ɗaya na saka."

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ai dama irin wannan manhajar takan yi ƙararrawar banza. Wannan rauni ne da muka sani, kuma nan gaba in Allah ya so..."

Sai na ji an taka mini ƙafa. Abokina ne, fuskarsa kamar ba shi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba mu dama mu bi kibiyar mu ga inda ta fito? In banza ce, za mu faɗa da bakinmu."

Farfesa ya ce bismillah.

Ni na fi sanin taswirar, don ni na rubuta sashen zanen, saboda haka abokina ya miƙo mini sanda ya koma gefe. Na fara bi. Ga foyinta na farko, ga wurin da yake nunawa. Ga layin da aka kwafi adireshin aka ba foyinta na biyu. Ga inda aka saki wurin ta hannun na biyun. Ina cikin bi sai na fara ganin abin da ban zata ba. Can ƙasa, a sashen da ke aiki kawai in an nemi fayil ba a samu ba, na farkon ya dawo yana karanta wurin da aka riga aka saki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in fayil ɗin yana nan, ba za a taɓa ganin kuskuren ba. In babu, nan za a faɗa."

Farfesa ya taso ya zo gaban bango, ya bi layukan da yatsa. Ya ce a canja sunan fayil ɗin a gwada. Abokina ya canja, ya kunna manhajar Farfesa. Ta mutu nan take.

Dattijon nan ya fashe da dariya har yana riƙe tebur. Ya ce, "Shekara da shekaru ina ba da wannan, ina kayar da yara a kan kuskure ɗaya, ashe nawa na zaune a ƙasa." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, wa ya aike ka ba da haƙuri? Ka duba ne kafin ka ba da?"

Na ce ban duba ba. Malama ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Mun ci, da sakamako mai kyau. Kafin Farfesa ya tafi ya ce mu tura masa sashen da muka rubuta, zai gwada a kan sauran misalansa, "amma a ɓoye, kada ɗalibaina su ji."

Yanzu shekaru sun ja. Abokina yana koyarwa, ni ina aikin rubuta manhaja daga Nguru. Har yau ban rabu da halin nan gaba ɗaya ba. In babba ya ce aikina bai yi ba, haƙuri ne ke fara zuwa bakina, don haka aka rene mu, kuma ban ga laifin ladabi ba. Abin da na gane dai shi ne, ana iya girmama mutum a kuma nemi izininsa a duba. Wani lokaci in na duba ni ne da kuskure, sai in faɗa, a gyara. Wani lokaci ba ni ba ne. Kwanaki wani da nake wa aiki ya kira ni a fusace yana cewa manhajata ta lalace. Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na ce, "Alhaji, buɗe mu gani tare."