Zuciyar Littafi da Zuciyar Saniya

Ina cikin darasi sai ga Malam Sule mahauci a ƙofar aji, ranar kasuwar Wudil guda, leda a hannunsa tana ɗigar jini. Jiya na ba 'yarsa Hadiza sifiri, saboda zanenta na zuciya bai yi kama da na littafi ba.

Muna gama gaisawa ya zazzage zuciyar saniya a teburina.

"Malam, nuna min shuɗin da ka ce ta manta."

Na ce, "Ai launin don bambance jijiyoyi ne kawai."

"Ashe ita halittar Allah ta zana, kai kuma ta mai buga littafi kake so."

Shekara tara ina koyar da zuciya, sai ranar na taɓa ta. Jama'a, ni maki nawa za ku ba ni?