Alƙalin Dara Da Bai Taɓa Zama Ba

Tun kafin kowa ya iso zauren gasar ces, wato darar Turawa, Baba Alƙali ya riga ya goge tebura, ya jera sojoji da dawakai a kan kowane allo, ya gwada agogon wasa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai tsayuwa. Alƙalin wasa ba ya zama, ba ya tari, ba ya nuna a fuska cewa ka tafka shirme, ko da kuwa ka tafka.

Mu da muka girma a hannunsa mun san shi da tsauri. Abin da ka taɓa shi za ka motsa, ko kai ɗan wane ne. Amma wata likita ta ba ni labarin ranar da ta sha kashi tana yarinya, ta fita tana kuka. Ya bi ta har bakin titi ya ce, "'Yata, buɗewarki ta yi kyau. Gaggawa ce ta cuce ki."

Shi ma ɗan wasa ne a da, mai maki a jerin ƙwararru. Da aka rasa mai alƙalanci sai ya ce zai riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ne ya cinye ƙuruciyarsa. Sau da yawa nakan ga yatsunsa suna motsi a bayansa yana kallon allon wasu, abin ya ba ni tausayi.

Bana idonsa ya fara rauni, ya ce zai ajiye aiki. A gasarsa ta ƙarshe wani bai zo ba, kujera ta zama babu kowa a gaban likitar nan, wadda yanzu ta fi kowa maki. Ta ce, "Baba, zauna mana." Ya yi ta musu, muka taru muka zaunar da shi.

Fararen sojoji ne nasa, don haka shi zai buɗe wasan. Agogo na tafiya, hannunsa na shawagi a kan sojan gaban sarki, ya kasa taɓawa. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce, "In na fara, ai zai ƙare."

Da ya daure ya fara, likitar ta cinye shi, ba ta raga masa ba, don ta san in ta raga ba zai yafe mata ba.

Baba, kai ne ka tsaya domin mu zauna. Mun gode, Allah ya saka. Ku matasa, wani ya karɓi tsayuwar nan. Baba kuwa yana gida, allo a jere, yana jiran wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa tun idon yana gani.